Ba Mai Tashi Sai An Gama

"Ba mai tashi sai an gama rigunan nan!" in ji Agogo, yana tafa hannu a tsakanin kekunan ɗinki.

Mai Guga ta ɗaga kai ta dubi maƙwabciyarta, Mai Maɓalli. Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne tsakanin ɗakunansu, mota ɗaya ke kawo su kamfanin nan, don haka ta san halin da ake ciki. Ƙarfe ɗaya saura kwata baiwar Allah ta shiga bayi ta yi allurar ciwon suga kamar kullum, da sanin ƙarfe ɗaya ake tashi cin abinci. Ita kuwa allurar nan ba ta san jira ba. In abinci bai bi bayanta ba, sai ta zuƙe sugan jiki tas.

Agogo shi ne sabon shugaban layi, yawan duban tsintsiyar hannu ya jawo masa sunan. Tun zuwansa ya hana shiga ko da alawa, wai ta taɓa ɓata wuyan riga. Tun zuwansa kuma sugan Mai Maɓalli ya rikice: ran da ya yi mata tsawa ya hau, ran da ya hana hutu ya faɗi.

"Likita ya ce in rage damuwa," ta taɓa gaya wa Mai Guga tana dariya. "Na ce masa damuwar tawa ƙafa biyu gare ta, har da takalmi."

Yau kuwa, ɗaya da rabi gumi ya jiƙa wa Mai Maɓalli riga, hannu na karkarwa, ta kasa zura zare.

"Oga, ka bar ta ta sa wani abu a baki," in ji Mai Guga. "Ta yi allura fa."

"Kowa da ciwonsa. Koma kan gugarki."

Biyu saura kaɗan Mai Maɓalli ta kifa kai a kan keke. Agogo ya ƙwanƙwasa teburin yana cewa, "Har da barci?" Kafin a ruga kanti a samo suga, haƙoranta sun datse. Kwana biyu ta yi a asibiti, ko ido ba ta buɗe ba har ta cika.

Agogo ya zo gaisuwa da fuskar tausayi ta aro. Da zai tafi ya ja Mai Guga bakin ƙofa.

"Yaya, jibi masu bincike za su zo. Ki ce ba wanda ya san tana da ciwo. Kin ga ke ma da aikin nan kike ci da 'ya'ya."

"To," in ji ta.

Ya tafi da murna, bai san shiru ba tsoro ba ne. Zuciyar Mai Guga tafasa take yi. Ba haƙurinsa take so ba, so take ta ga ƙarshensa da idonta. Ta shiga wajen 'yar marigayiyar ta ce, "Ɗauko min jakar aikin uwarki."

Ran binciken ta zauna ta naɗe hannu, ta bar shi ya yi ta zuba. Sai da ya rantse sau uku cewa shi bai taɓa jin zancen ciwo ba, sannan ta miƙe ta shimfiɗa takarda a kan teburin. Wasiƙar likita ce, yana roƙo a bar matar ta riƙa cin abinci ƙarfe ɗaya daidai. A ƙasanta, da jan biro, an rubuta "Ba a yarda ba", ga kwanan wata, ga sa hannun Agogo.

"Oga, karanta musu," ta ce. "Ni idona ba kyau."

Ya ga sa hannunsa, ya kau da kai. Ta ji daɗi har cikin ƙashinta, ba ta kuma ɓoye ba.

A ranar aka sallame shi. Bayan mako guda ita ma aka ce an rage ma'aikata, don kamfani ba ya son mai baki. Ko a jikinta, aƙalla har ta iso gida.

A tsakar gida ta tarar da wankin marigayiyar na ƙarshe yana nan a kan igiya, ba wanda ya iya taɓa shi. Rana ta fara cin launinsa. Ta sauke kayan ɗaya bayan ɗaya, ta jona dutsen guga, ta zauna tana jira ya yi zafi.