Yankan Gurji da Ɓawon Albasa

Najwa na fita ɗebo ruwa, Marwa ta zaro littafin abokiyar ɗakin nata daga ƙarƙashin filo ta hau buɗawa. Shafi ɗaya, biyu, uku.

Darasin da ya kayar da ita sau biyu a lissafin kalkulas ke nan: a ɗauki lanƙwasasshen layi a wulwula shi a jikin sanda har ya zama abu kamar tulu, sannan a ce ka faɗi yawan abin da cikinsa zai ci. Yau ƙarfe tara ne za ta zauna jarrabawar karo na uku. In ta sake faɗuwa sashen lissafi zai sallame ta, ta tattara ta koma Kiyawa ta yi wa Baba bayani.

Sati biyu Najwa na koya mata: ki ɗauki tulun kamar albasa, ɓawo cikin ɓawo, ki tara su. Amma ga littafin ita Najwar, ko'ina yankan gurji ne, zagaye bisa zagaye, yadda Dakta Falalu ya yi a allo. Ko albasa ɗaya babu.

To, ruwa ba ya tsami banza. Watan jiya Marwa ce ta tsegunta wa Hajiya mai kula da ɗakunan kwana cewa Najwa na da hitar dafa ruwa, aka zo aka ƙwace. Ta ɗauka ba wanda ya sani. Kwana uku bayan nan Najwa ta ce, da murmushinta, "Zo in koya miki lissafin nan."

Najwa ta turo ƙofa da bokiti.

"Ƙawas, me kike nema a littafina?"

"Gaskiya nake nema. Ke gurji kike yankawa, ni kika haɗa ni da albasa?"

Najwa ta yi dariya. "Au, wannan? Duk hanya ɗaya suke ɓullewa. Na ga gurjin na ruɗa ki ne, kullum sai kin manta ninkawa."

"Shi Dakta bai san albasar ba ne?"

"Ya faɗe ta ranar da kika tafi biki. Ki gwada mana, ki yi tambaya ɗaya ta hanya biyu."

Marwa ta gwada a tsaye, hijabi rataye a wuya. Gurji ya ba ta amsa, albasa ta ba ta wata daban. Ta ɗago ta zuba wa Najwa ido.

"Kawo in gani, wani wuri kika..."

"Bar shi. Na gode, Malama. Allah ya saka wa kowa da abin da ya nufa."

Najwa ta ajiye bokitin a hankali. "Amin," ta ce, ba ta ƙara ba. Wannan shirun ya fi komai tsaya wa Marwa a rai. Mai gaskiya ai rantsuwa zai yi.

A zauren jarrabawa tambaya ta farko ta zo da sauƙi, ta yanka gurjinta ta wuce. Ta biyu ta yi rabi. Ta uku ce mai maki ashirin, wadda in babu ita ba za ta haye ba. An ce a juya layin a jikin sandar tsaye. Kafin a yanka shi sai an birkita lissafin ya koma ta ɗaya gefen, shi kuwa ya ƙi birkituwa. Ta bi ta nan, ya toshe. Ta soke, ta sake, ya toshe.

"Saura minti goma sha biyar," in ji mai tsaron jarrabawa.

Layi uku a gabanta Najwa ta duƙufa, ko waiwaye babu. Wa ya sani ko dariya take a ciki? Marwa ta ciji leɓe. Farar takarda sifili ce tabbas. Cewa Najwa ta cuce ta kuwa har yanzu zato ne.

"In ha'inci ne, Allah ya isa," ta faɗa a ranta, ta zana ɓawo cikin ɓawo.

Layi huɗu, amsa ta fito tsaf. Ba ta yarda ba. Ta koma tambaya ta farko ta maimaita ta da albasa a gefen takarda, a nutse wannan karon, tana bin kowace ninkawa. Amsar da gurji ya ba ta ɗazu, ita ce ta sake fitowa, ba ragi ba ƙari.

Aka karɓi takardu, zaure ya watse. Ta taga Marwa ta hango Najwa tsaye a inuwar darbejiya, jakunkuna biyu a hannu, tata da ta Marwa. Ƙofar fita kuwa ɗaya ce.

"Ke, akwai wasu masu shigowa," in ji mai tsaron.

"To, Malam," ta ce, tana ta gyara murfin biron da tuni yake a rufe.