Inuwar Ƙarfe Goma

Ma'aikatan ofis mutanen kirki ne, ban musa ba. Amma in ka bar su da kansu, sai su rantse maka duniya ƙarfe takwas take buɗewa, ƙarfe huɗu a rufe ta. Wannan ne ya so ya kunyata wata matashiya da kowa ke kira Injiniya a aikin farko da aka damƙa mata ita kaɗai.

Aikin kuwa gyaran lambun shaƙatawa ne na tsohuwar unguwarsu, wanda ya shekara goma ba mai waiwayarsa. Lilon yara ya tsinke, famfo ya ƙafe, kujerun zama an kwashe katakonsu an bar ƙafafu tsirara. Abin da ya rage na arziki itatuwa ne, manya-manya goma sha biyu, a jere daga ƙofar kudu zuwa ta arewa. Ranar da Darakta ya miƙo mata fayil ɗin, sai da ta shiga banɗaki ta kulle ƙofa ta ɗan taka rawa, don ita ta san dalilinta.

Dalilin nata Baba ne. Shekara arba'in ya yi yana taka keken ɗinki, mutum ne da in ya ɓalle da zance a shago sai ka manta rigar da ka zo karɓa. Bara ciwo ya taɓa masa ɓarin hagu. Ya tashi, an gode Allah, amma ƙafar tana ja, kuma tun daga nan ya ƙi leƙa ko ƙofar gida. Likita ya faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa in bai riƙa tafiya kullum ba ƙafar za ta sandare gaba ɗaya. Yayanta ya yi lallashi, matar Yaya ta yi, ita kanta Injiniya har kuka ta yi masa. Ko gezau.

"Uwata," haka yake kiran ta, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "in na fita ƙafar ta gaji, ina zan zauna? A bakin kwata, kowa ya wuce yana yi mini sannu kamar mai jego?"

"In na sa maka wurin zama duk taku talatin fa, Baba?"

"Sa mu gani," in ji shi, ya juya wa taga baya.

To, ta sa kanta a aikin nan kamar za ta cinye shi. Motar ofis da safe kawai ake ba su, saboda haka kullum ƙarfe goma direba zai sauke ta a lambun, sha biyu ya dawo ya ɗauke ta. Ta bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya, ta duba inda inuwa ta kwanta luf, ta kafa turaku, ta koma ofis ta zana. Benci goma sha biyu na ƙarfe, kowanne a tsakiyar inuwarsa. A takarda kam abin gwanin sha'awa, har Darakta ya sa aka manna zanen a bangon ofishinsa.

Ranar da za a zuba siminti, Birkila ya tsaya yana sosa ƙeya. Dattijo ne mai tumbi, ba ya son jayayya da masu ilimi.

"Injiniya, nan ɗin dai za a kafa su?"

"Abin da takarda ta ce ke nan."

"To shi ke nan. Takarda ta fi ni karatu."

Ya kafa su duka, ya zuba musu siminti har wuya. Aka gyara lilo, famfo ya kawo ruwa, aka shafe ƙofofi da koren fenti, aka sa ranar Alhamis za a buɗe.

Ran Asabar Injiniya ta kasa haƙuri. Ta je gida da yamma ta tasa Baba a gaba, da roƙo da shagwaɓa, har ya yarda ya shiga motar Yaya, da sharaɗin leƙawa kawai zai yi. Wajen huɗu da rabi suka isa. Tana riƙe da hannunsa suka shiga ta ƙofar kudu, bakinta har kunne. Tana ɗaga kai murmushin ya daskare.

Benci goma sha biyu reras a cikin rana, suna ƙyalli, ba ko kaza a kansu. Inuwa ta kwashe kayanta ta koma ɗaya gefen itatuwan, ta gabas, kuma can mutanen unguwa suka baje, wani a kan dutse, wani a kan takalminsa. Wata tsohuwa da kowa yake kira Iya Mai Saƙa tana zaune a kan kwali da kwarashinta, ta ba wa sabon bencin baya.

Baba ya ja ƙafa ya isa benci na farko, ya ɗora tafin hannu, ya janye da sauri.

"Kai! Wannan ai ko gawayi ba ya so. A kawo wanki kawai a fara guga."

Iya Mai Saƙa ta leƙo ta bayan itace. "A'a, Tela, kai ne? 'Yarka ce ta yi mana wannan aikin? Allah ya yi albarka, 'yar nan. Mun ce ko na shanya barkono ne."

Baba ya tuntsire da dariya, irin wadda Injiniya ta shekara ba ta ji ba, har yana riƙe ciki. Ita kuwa ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kunya ta ishe ta, ga baƙin ciki, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne da dariyar ta lafa, sai Baba ya dubi ƙafarsa da ta fara rawa, ya dubi bencin, ya ce, "Mai da ni gida, Uwata."

Suka shiga mota. Sai da suka kusa gida Baba ya tambaye ta ƙarfe nawa take zuwa awo.

"Goma."

"Kullum?"

"Kullum."

"Su kuma masu zaman, ƙarfe nawa suke zuwa?"

Hawaye ya zubo mata.

"Ni ma na taɓa yi," in ji Baba. "Ina sabon tela, na auna wani babban mutum a tsaye, na ɗinka masa wando cif-cif. Ban ce ya zauna in gani ba. Ya je taro, yana zama wando ya ce ɓarrr, tun daga baya har gaba."

Dariya ta ƙwace mata cikin kukan. "Sai ka yi yaya?"

"Sai na farke na sake. Tela ba ya kuka a kan ɗinki, reza yake nema."

Ran Litinin da sassafe ta shiga ofishin Darakta ta faɗi laifinta da bakinta, ta nemi izinin a tone bencin a sake musu wuri. Ya saurare ta yana juya biro, sannan ya ce siminti ya riga ya kama, tun ran gini ran zane. Ya ƙara da cewa ai ƙarfe goma za a yi bikin buɗewa, lokacin kowane benci yana cikin inuwarsa, a ɗauki hoto a watse. Wa zai lura?

"Yallaɓai, mahaifina zai lura," in ji ta. "Da duk wanda aka yi lambun dominsa."

Darakta ya dube ta ta saman tabarau. Ba mugu ba ne, tsoron manya ne kawai ya yi masa yawa.

"Kwana uku gare ki. In na zo ran Alhamis na tarar da ramuka, ke za ki yi wa baƙi bayani, ni zan ce ban san ki ba. Mota kuma babu bayan sha biyu."

"Ina da ƙafa, Yallaɓai."

Ranar ba ta koma ofis ba. Ta samo buhun farar ƙasa, ta zauna a lambun tun azahar, duk bayan awa ɗaya ta bi bakin inuwar kowane itace ta zana. Sai ga shi inuwar tana tafiya a gabanta kamar mai rai, abin da ta karanta a makaranta ta ci jarrabawa a kai, amma ba ta taɓa zama ta kalla ba. Wajen ƙarfe uku ta ji tsayuwar mota. Ta waiga, sai ga Yaya yana fito da Baba, sanda a hannu, tef ɗin awo rataye a wuya, alli a aljihun gaba.

"Na zo in ga yadda masu digiri suke awo," in ji shi. "Ba taimako na zo yi ba."

Aka aro masa kujera daga shagon mai aski, ya zauna ya harɗe hannu. Bai yi minti goma ba ya fara tsaki.

"Ja tef ɗin nan, Uwata! Ya yi ciki kamar igiyar shanya. Haka aka koya muku?"

Ta ja.

"Ba haka ba! Kawo nan."

Ya miƙe. Ya karɓi bakin tef ɗin, ya dogara sanda, ya auna daga gindin itace zuwa bakin inuwa, ya ciro alli ya yi alama a jikin itacen, irin 'yar alamar da yake yi a kan yadi. Suka wuce itace na biyu yana faɗa, na uku yana ba da labarin wani mai kanti da ya ce a rage masa wuyan riga sau huɗu. Injiniya tana biye da shi, tana ƙirga itatuwan a zuci, tana tsoron ko numfashi mai ƙarfi ta yi ya farga. In ya gaji ya jingina da itace, ya ce tef yake dubawa. Kafin rana ta faɗi sai ga su a ƙofar arewa. Baba ya waiga ya hango kujerar mai aski can nesa, 'yar mitsitsiya.

"Wa ya kai kujerar nan can?"

"Inda ka bar ta take, Baba."

Ya yi gyaran murya. "To, a ɗauko ta mana."

Iya Mai Saƙa ce ta hana a tone duka. Ta ce da safe masu jarirai suna fitowa shan iska, masu sharar titi ma nan suke hutawa in sun gama, su inuwar safe suke so. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniya ta rubuta: huɗu su zauna inda suke, takwas su koma gabas.

Talata Birkila ya iso da diga, yana murmushin da ya fi magana ciwo. "Yau kuma me takarda ta ce?"

"Ta ce a tambaye ka."

"Madalla. Ashe ta ƙara karatu."

Ba a yanke ƙafar benci ko ɗaya ba. Tonowa aka yi da dunƙulen simintinsa, kamar cire turmin haƙori, kowanne sai ƙarti shida sun taru a kansa. Mutanen unguwa da suka ga abin da ake yi suka tuɓe riguna, mai aski ya rufe shago, mai faci ya kawo baro. Baba yana tsaye yana ba da umarni da sanda, kai ka ce shi gwamnati ta ba kwangilar. Nan wani tsohon direba, abokin tsokanarsa tun suna samari, ya hango shi.

"Tela! Ashe kana nan? Mu har mun fara rabon almakashinka!"

Injiniya ta juyo da sauri, don irin wannan maganar ce Baba yake gudu. Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"Ƙafa ɗaya gare ni, amma na riga ka zuwa. Kai da biyu me ka tsinana?"

Aka kwashe da dariya, direban ya rungume shi har sanda ta faɗi.

Laraba da yamma aka zuba siminti na ƙarshe. Alhamis ƙarfe goma manya suka zo, aka yanke ƙyalle, aka tafa. Babban baƙo ya tambayi dalilin da ya sa benci takwas suke rana, Darakta ya yi wuf ya ce ai sabon tsari ne da ofishinsu ya daɗe yana nazari, na safe daban, na yamma daban. Injiniya ta sunkuyar da kai don kada a ga bakinta.

Amma Baba bai zo ba. Ya ce shi ba ya son taron masu jawabi. Duk yinin ranar zuciyarta ba ta kwanta ba. Kwana ukun nan aiki ne ya fito da shi, yanzu aiki ya ƙare, ba awo, ba wanda za a yi wa faɗa. Tsoronta kada ya koma kujerar falo ya ce ai ya gani, ya yi kyau.

Ana tashi daga ofis ta wuce gida, tana ta shirya kalaman lallashi a hanya. Ta yi sallama ta shiga falo. Ba kowa.

"Ina Baba?"

Matar Yaya ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Tun huɗu ya fita. Na ce in raka shi, ya ce shi ba amanar kowa ba ne."

"Shi kaɗai? A ƙafa?"

Ba ta jira amsa ba. Ta fita tana haɗawa da gudu, tana duba bakin kowace kwata. Ta shiga ƙofar kudu tana haki. Lambun ya cika, lilo yana ta kai da kawowa, kowane benci na gabas an zauna an matsu. Ta duba na farko, ba shi. Na biyu, ba shi. Sai can kusa da ƙofar arewa ta jiyo muryarsa, kafin ma ta gan shi. Yana tsakiyar tsofaffi biyar a bencin mutum huɗu, sanda a kan cinya, yana kwatanta wani abu da hannu biyu, tsohon direba yana share hawayen dariya.

Ta tsaya a gabansu. Daɗi ya cika ta.

"Uwata, lafiya?"

"Na zo in raka ka gida, Baba."

"Gida? Wa ya ce miki na gama? Yanzu na kai tsakiyar labari. Ki ce su rufe mini abincina, in na ga dama zan taho. Kuma matsa gefe, kin tare wa mutane iska."

Ta matsa. Ta juya ta kama hanyar gida ita kaɗai, tana dariya tana share ido da bakin mayafi, muryar Baba tana biye da ita har bakin titi.