Kason Ma'u a Jirgin Madaci

A zamanin da ake ciniki da kuɗin wuri, tun Turawa ba su san hanyar Haɗejiya ba, akwai wani ɗan ƙauye a fadamar gabashin Auyo wanda duk shekara ruwa ke mayar da shi tsibiri. Da zarar kogi ya kawo, ba mai zuwa kasuwa sai wanda zai kifa cikinsa a kan babbar gora ya yi iyo, yana tura kayansa a masaki. A haka mijin wata mata mai suna Ma'u ya tafi. Ya shiga ruwa da kifin banda zai kai Haɗejiya, washegari aka tsinci gorar ta maƙale a ciyawa, shi kuwa ko hularsa ba a gani ba. Ma'u ta rataye gorar a jinkar ɗaki, ta ce ba mai sake taɓa ta.

Da rani ya yi, Haruna sarkin ruwan ƙauyen ya tara jama'a a ƙofar masallaci. Ya ce, "Jama'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba mai ƙarfin yin jirgi shi kaɗai a cikinmu. Amma in kowa ya kawo abin da yake da shi, jirgin ya zama namu duka. Abin da ya samo na fito, a raba gwargwadon abin da mutum ya sa."

Aka yi na'am, liman ya zama shaida. Masu awaki suka kawo awaki, masaƙa suka kawo saƙi, wanda ba shi da komai ya yi alkawarin ƙarfinsa. Inuwa, mai noman da ya fi kowa rumbu, ya ba da sa guda, kuma har sauron ƙauyen sai da ya ji labarin wannan sa.

Ma'u ta zo daga baya, da tukunya a ka. Haruna ya buɗe, ya ga shinkafar da mijinta ya ware don shuka.

Ya ce, "Ma'u, wannan ai iri ne. Ba a cin iri."

Ta ce, "Baba, shi ke gare ni. Bana gona ta huta, jirgi ya ciyar da mu. Ina so 'ya'yana su girma ba su san hawan gora ba."

Haruna ya karɓa. Da wannan shinkafa aka ciyar da masassaƙa, suka cinye ta tas.

Babban masassaƙin, Mala Ari, Babarbare ne daga wajen Guri, mutum mai ƙarancin magana. Ya zaga ƙasar bai ga itacen da ya yi masa ba sai wani tsohon madaci a can bakin fadama, tafiyar hantsi daga kogi. Nisan bai dami kowa ba. Ai ga tabon ruwan bara nan a gindinsa, ga na bara waccan a samansa. Kakanninsu ma sun san ruwa yana zuwa har wurin. Aka kayar da madacin, aka sassaƙe shi a inda ya faɗi. Da wani ya tambayi yadda za a kai shi kogi, Mala Ari ya ce, "Ruwa zai zo ya ɗauki kayansa."

Jirgi ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Mala Ari ya karɓi ladarsa ya koma gida, mutane suka zauna jiran ruwa.

Damina ta faɗi da rowa. Lokacin da kogi ya saba kawowa ya yi, ya wuce, kogi na kwance a cikin gaɓarsa ko motsi ba ya yi. Shinkafar waɗanda suka shuka ta fara jan baki. Rumbuna suka yi sauƙi, gidaje da yawa suka koma cin ganyen tafasa da rama. Ma'u tana saƙa tabarmi da kaba, ba mai saye, don kowa cikinsa yake ji. Kullum da la'asar takan je ta share jirgin, ta rufe shi da ciyawa kada rana ta tsaga shi.

An gwada jan sa. Aka sa igiyoyi da gumagumai, maza suka yi ta nishi, amma ɗan ruwan saman da aka samu ya riga ya mayar da fadamar taɓo. Jirgin ya matsa kaɗan ya nutse, aka bar shi nan.

Ana cikin haka sai ga yaron wani attajiri daga Haɗejiya, da jakai ɗauke da gero. Maigidansa yana gini, yana neman madaci mai kauri don ƙyamaren ƙofofi. In za a tsaga jirgin a ba shi katakon, geron nasu ne.

Ni dai ban ce Inuwa mugu ne ba. Mutum ne mai baki goma sha a gida, ga shi sansa ya tafi. Amma shi ya fara miƙewa a taron, ya ce, "Baba Haruna, ka ce jirgin namu ne. To, ni a ba ni nawa. Katako ba ya shiga tukunya."

Haruna ya ce a ƙara haƙuri, ruwa yakan yi latti.

Daga bayan zana, inda mata suke, Ma'u ta ɗaga murya. "Yaya Inuwa, kai saniyarka za ta haifa maka wani san. Ni irina ba ya dawowa. In kun tsaga shi, da me zan shuka baɗi? Ku ba shi ko mako ɗaya, don Allah."

Ba wanda ya kalli wajen zanar. Liman ya tambayi masu kaso ɗaya bayan ɗaya, kusan duka suka bi Inuwa, wasu suna magana ƙasa-ƙasa don kunya. Haruna ya tashi ya tafi gida, bai ko tsaya rabon ba. Washegari ana jin saran gatari har cikin gari, Ma'u ta shige ɗaki ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka kawo mata gorar mijinta.

An yi mata adalci, ba a tauye ta ba. An auna mata gero daidai shinkafar da ta sa. Ta daka, yara suka sha kunu, geron ya ƙare.

Bai daɗe da ƙarewa ba, wata safiya aka ji kwaɗi sun cika fadama da kuka. Kogi ya kawo. Ya zo a hankali yadda ya saba, ya bi ta gonaki, ya wuce inda jirgin ya nutse, ya je har kututturen madaci ya tsaya. Ya kwashe ɓaraguzan sassaƙa ya yi ta yawo da su, wasu har bakin ƙauye. Shinkafar masu shuka ta farfaɗo. Inuwa ya daina bi ta ƙofar gidan Ma'u.

Ranar kasuwar Haɗejiya, Ma'u ta naɗe tabarminta ta sa a masaki. In ta sayar, za ta sami abin ci da ɗan irin baɗi. Ta ce wa babbar 'yarta Saude ta kula da ƙannenta, kada su matsa kusa da ruwa. Sa'an nan ta taka turmi, ta sauko da gorar daga jinka, ta kaɗe mata ƙura.

Haruna yana bakin ruwa, ya gan ta tafe. Ya gane gorar.

Ya ce, "Ma'u, ki bari in nemo wanda zai kai miki."

Ta ce, "Baba, kowa da nasa kayan."

Ta ɗaure zanenta tam, ta yi bisimilla, ta kifa cikinta a kan gorar. Wani ɓarin madaci ya zo ya daki masakin, ta sa hannu ta ture shi gefe, ta ci gaba da iyo.