Jawabin Darakta a Bakin Gadon Malam

"Ba ya ganin kowa yau," na ce, na tokare ƙofar da hannu.

"Haba Mama, ni fa ɗalibinsa ne, shi ya koya mini Turanci. Yanzun nan zan fito."

Darakta ake ce wa mutumin, ban san daraktan mene ne ba, har yau kuma ban damu in sani ba. Tun da Malam ya kwanta bai taɓa leƙo shi ba, sai ranar da ya zo da takardu a hammata. Wai jawabi zai karanta a wani taro washegari, yana so a duba masa waƙafi.

Ni maƙwabciyar Malam ce, katanga ce ta raba mu, ɗinki nake yi. Ciwo ya riga ya cinye shi, maganin da ake ba shi yana kwantar da shi yini guda, sai da yamma hankalinsa yake dawowa na ɗan lokaci. Likita ya gaya wa matarsa ta daina ƙirga makonni. A shagona kuwa, bayan keken ɗinki, ɗan Malam tilo yana zaune yana jiran a kira shi. Tun da yaron ya bar makaranta ya kama kanikanci uban ya daina amsa gaisuwarsa. Uwar ta sha fama da lallashi kafin Malam ya ce to, ya zo.

Saura ƙiris in kori Darakta, sai muryar Malam ta fito daga ɗaki: "Wa ke nan? Ku bar shi ya shigo."

Mutumin da ko kofi ba ya iya riƙewa, yana ganin takarda sai ya ce a jingina shi da filo, a miƙo masa tabarau da biro.

"Kai har yanzu ba ka daina ba?" ya ce wa Darakta. "Duk inda numfashinka ya ƙare sai ka jefa waƙafi. Dubi nan, jimla biyu cikakku ka ɗaure da waƙafi kaɗai. Ba zai riƙe su ba, sa aya. Nan kuma kana jera abubuwa, inda ake buƙatarsa, ka hana su."

"Haka ne, Malam," in ji Darakta, idonsa na kan waya.

Matar ta sunkuya kusa da kunnen mijinta. "Malam, yaron fa ya zo. Yana waje."

"Ya jira. Saura kaɗan."

Raina ya yi mugun ɓaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, duk ofishinka babu mai duba maka takarda sai marar lafiya?"

"Ai Mama, babu kamar Malam."

Malam ya yi murmushi. Wallahi wannan murmushin ya fi komai ƙona mini rai. Na yi wata ina kai masa ruwan zafi ban ga haƙoransa ba, sai yanzu da aka kawo masa shirmen wani ƙato. Darakta ya ba ni haushi, amma haushin Malam ya fi, don shi ya san wanda ke zaune a shagona.

Rana ta yi ta sauka a jikin labule, shafi yana bin shafi. Matar ta sake magana, ya ɗaga mata hannu. Can sai maganarsa ta fara sarƙewa, kansa ya karkata, biron ya ja dogon layi ya faɗi a kan zanin gado. Darakta ya sa yatsa biyu ya zare takardunsa daga ƙarƙashin hannun, a hankali, don kada su yage.

"Sauran zan ƙarasa da kaina. Allah ya ƙara sauƙi."

Na ruga shago na jawo yaron. Uwar tana girgiza kafaɗar mijinta: "Malam, ga shi. Malam, buɗe ido ka gan shi." Bai buɗe ba. Washegari da hantsi ya cika, ɗan yana zaune a gefen gadon.

Uwar ta fita sanar da 'yan'uwa, aka bar mu mu biyu a ɗakin.

"Goggo," ya ce, bai dube ni ba, "an gaya masa na zo?"

"An gaya masa."

"Me ya ce?"

Na nemi ƙaryar da zan yi masa, ɓacin rai ya hana ni samu. Na ce, "Cewa ya yi ka jira."

Ya gyaɗa kai. "To."

Ƙafafun uban sun leƙo daga ƙarƙashin bargo. Ya miƙe, ya ja bargon ya rufe su, ya cusa gefensa ƙarƙashin diddige.