Jinjinar Sha'ibu

Har yanzu in aka zauna hira a Birni akwai tsofaffin da ke ba da labarin Sha'ibu jikan Suma'ila, wai yaron da ya fifita darajar kakansa a kan wasan Nasara. Suna faɗa suna kaɗa kai kamar sun ga waliyyi. Ba mai tambaya wa ya kira sunan kakan a ranar, balle don me ya kira.

Idirisu ne ya kira shi. Ɗan manomi ne daga ƙauyen Dogo, an kawo shi lakwal, makarantar Nasara ta Damagaram, a shekarun da Nasara suka kwashe mulki suka mai da Yamai, lokacin da kumandan kan ce kowane gari ya ba da yaro, masu gari kuma su duba gidan da ba shi da mai tsaya masa. A lakwal ya girma har ya kai ajin samari, masu tsiron gemu da gajeren wando. Faransanci bai zauna masa ba, amma in ya kama ƙafarsa ta baya ya shiga langa, ba a taɓa ganin wanda ya ture shi ba. Shi ne ruwan lakwal, wanda sauran ke karewa har ya isa gida. In ya isa sun ci, in aka kayar da shi ko ya saki ƙafa sun sha kashi.

Sha'ibu ɗan babban gida ne a Birni, kuma bai ga dalilin da zai sa ya zama garkuwar baƙauye ba. Wata rana ana gwaji a filin da ke gindin duwatsu, mushe, wato malaminsu, ya busa usur a tsaya, kowa ya tsaya. Idirisu yana juyowa, ƙafa ɗaya har yanzu a hannu, Sha'ibu ya zo ta baya ya banke shi da kafaɗa. Gwiwar ta sauka a kan dutse. Maɗori ya ɗora, ta warke a karkace. Sha'ibu ya ce shi bai ji usur ba, mushen kuwa, mutumin Dahomai da ke zaune a gidan uban Sha'ibu, ya yarda bai ji ba.

Ranar da Idirisu ya dawo yana ɗingishi, Sha'ibu ya tare shi a bakin aji, gaban kowa. "Ɗan Dogo, ai ka samu sauƙi. Da ƙafa ɗaya ake langa, kai yanzu ko riƙewa ba sai ka yi ba."

Aka yi dariya. Idirisu ma ya yi, har haƙoransa suka fito.

Mushe ya mai da shi cikin 'yan tafi. Su ne ɗaliban da ba sa wasa, aikinsu su tsaya gefen fili da ganga da gwangwanaye suna ihun "Ale lakwal", suna rera wata waƙar Faransanci da ko mai koyar da ita bai damu da ma'anarta ba. Kafin damina ta faɗi Idirisu ya zama shugabansu, don yana da murya, kuma ya iya ƙaga zambo nan take. Ya koya musu amshi irin na gida, ya sa 'yan mata masu tallar gyaɗa su riƙa shigowa da tafi. Kowa ya ce yaron ya haƙura, Allah Ya ba shi zuciya mai kyau. Mutane suna son su ga wanda aka cuta ya haƙura, don su huta da tuna abin da aka yi masa.

Shi kuwa kallo yake. Daga gefen fili ya lura Sha'ibu, sabon ruwa, da hannun dama yake riƙe ƙafar hagu. Wata Juma'a kuma, yana wucewa ta ƙofar gidansu, ya ji wani maroƙi ya ambaci Suma'ila, kakan nan da ya mutu da mashi a hannu shekarar da Nasara suka shigo. Duk namijin da ke zauren ya ɗaga hannun dama ya dunƙule. Uban Sha'ibu yana riƙe da buta zai yi alwala, butar ta faɗi ta fashe, bai ko dube ta ba sai da ya sauke hannu. Idirisu ya tsaya yana kallon ruwan yana bin rairayi.

Maroƙa ba sa wuce farkon kirarin, don sauran ya taɓo Nasara. Mai cikakkensa ita ce Inno, tsohuwar zabiyar gidan, wadda yanzu ke sai da fura a wani lungu. Idirisu ya riƙa ɗebo mata ruwa yana ja da ƙafa, har ta fara kiransa maigidanta. Da ya roƙi kirarin ta ce kai ba maroƙi ba, me za ka yi da shi. Ya ce so yake ya girmama abokinsa ranar biki. Ta dubi gwiwarsa, ta daɗe tana duba, sannan ta ce ya matso, ita ba ta faɗa sau biyu. Amma sau da yawa ta faɗa, har da inda ake jan numfashi.

Bikin Katorzu, sallar Nasara ta sha huɗu ga Yuli, ya zo. Da la'asar aka cika fili, kumandan da matarsa a rumfa, manyan Birni a gefensu, uban Sha'ibu a cikinsu da rawani. Lakwal za ta kara da samarin Zango, 'ya'yan fatake da mahauta, waɗanda ba su da mushe ba su da usur, sai ƙwanji. Aka shiga. Ƙura ta tashi, kafaɗa na dukan kafaɗa, 'yan tafi na kiɗa kamar za su fasa gangar. Ɗaya bayan ɗaya samarin Zango suka zube, hanya ta buɗe. Sha'ibu ya fito daga tsakiyar masu kare shi, yana tsalle a natse, gida na gabansa, ba kowa tsakani. Mushe har ya sa usur a baki.

Idirisu ya ɗaga tafin hannunsa. Ganga ta yi shiru, gwangwanaye suka yi shiru, yadda ya koya musu. A cikin shirun nan muryarsa ta tashi.

"Suma'ila dutsen Birni, an tura ba ka mirgina ba! Na Zainaba, ƙofa ta buɗe kai ba ka buɗe ba! Mai jan kunne ya zo da wuta, ya same ka a tsaye! Ina jinin Suma'ila a filin nan?"

'Yan tafi suka amsa baki ɗaya, "Ga shi nan!" Su a ganinsu sabuwar waƙar ƙarfafa ruwa ce.

A rumfa hannayen dattawa suka tashi. A fili ma hannu ya tashi, dunƙule, sama da kai, ƙafar hagu ta sauka a ƙasa. Sha'ibu ya tsaya da ƙafa biyu, taku kaɗan da gida, yana jinjina, fuskarsa cike da wani haske. Sai da samarin Zango suka ɓarke da shewa ya dubi ƙasa ya ga abin da ya taka.

Kumandan bai fahimci komai ba, ya tafa, ya miƙa wa Zango ragon da aka ajiye. Mushe ya fahimci rabi, ya zane 'yan tafi duka washegari, Idirisu ya karɓi nasa bai motsa ba. Uban Sha'ibu kuwa ya yi hawaye a rumfa, ya ce tun rasuwar mahaifinsa bai ji kirarin ya kai ƙarshe ba, ɗansa kuma ya nuna shi ɗan halas ne. Wanda ya yi kirari ba a barinsa hannu banza, saboda haka ya ciro riga mai aiki, ya ce Sha'ibu da kansa zai kai.

Sha'ibu ya sami Idirisu a bayan aji, zaune a inuwar bishiyar bedi, ya miƙe ƙafar. Ya jefa masa rigar a cinya.

"Da gangan ka yi."

"Ni? Yabon kakanka na yi, ɗan gidan girma. Ko ƙarya na faɗa a ciki?"

Sha'ibu ya ce zai ga wanda zai sake barinsa ya buɗe baki a fili. Idirisu ya warware rigar, ya duba aikin wuyan, ya ce madalla, a gaida Baba. Sannan ya gaya masa ba sai shi ya sake buɗe baki ba. Jiya da ya bi ta Zango ya ji yaran mahauta suna rera kirarin a bakin rijiya, ba su bar ko kalma ba, har inda ake jan numfashi sun iya.

Haka kuwa aka yi. Karawa ta gaba, Sha'ibu na kama ƙafa samarin Zango suka ɗauki Suma'ila dutsen Birni, suna dariya. Ubansa na zaune yana kallo. In ya ɗaga hannu lakwal ta faɗi, in ya ƙi ya tozarta kakansa a gaban gari. Ya gwada riƙe ƙafar dama da hannun hagu, bai yi tsalle uku ba ya kife da kansa, ba wanda ya taɓa shi. Daga nan mushe ya ba wani yaro matsayin ruwa, Sha'ibu kuma ya ce karatu ya yi masa yawa.

Dokar lakwal ita ce wanda ba ya wasa ya shiga 'yan tafi. Idirisu ya tarbe shi da fara'a, ya ba shi gwangwani da tsinke, ya nuna masa wurin tsayawa a layin baya.