Madalla

Kafin a buɗe ƙofa tsohon tela ya ji ƙamshin. Ƙamshin ganyen bay ne, ganyen ƙamshin girki, wanda matarsa kan jefa ɗaya a tukunya. Yanzu mansa aka tatso aka ɗura a 'yar kwalba, kuma babbar 'yarsa ce ke sayarwa ta waya.

Wata bakwai ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta tafi. Mutumin da ya shekara arba'in yana zazzaga wa masu kawo ɗinki surutu, kalma ɗaya tak ciwo ya bar masa: madalla. In yunwa ce, madalla. In fitsari ne, madalla.

'Yar ta jingina wayar da tsohon keken ɗinkinsa, ta gyara ɗankwali, ta kunna bidiyo, ta yafa murmushi.

"'Yan uwa, ga Babana. Man nan na maganin ciwon gaɓoɓi, yana tsayar da zubar gashi, yana tayar da jijiyar da ta mutu. Ku gani da idonku."

Harshensa ne ya mutu, idonsa garau yake. Kullum yana karanta takardar jikin kwalbar: ɗigo uku cikin cokalin man zaitun, kada a shafa shi tsantsa. Ita ma ta karanta. Amma gauraye ba ya sa ƙafa motsi, masu kallo kuwa motsi suke so.

Ta tsiyaya shi tsantsa a ƙafarsa mai lafiya, wadda take ce wa mutane ita ce matacciyar. Sanyi ya fara ji, sai wuta. Ƙafar ta zabura. Ya dantse leɓe, ya rantse yau ba zai ba ta kalmar ba. Ta ƙara murzawa a kan sabon tabon shekaranjiya.

"Madalla!" Hawaye ya gangaro masa.

"Kun ji ko? Har kukan daɗi yake!"

* * *

Da hantsi matarsa ta zo goge masa jiki. Ta yaye zanen, ta ga fatar ta yi bororo, wani wurin ya saluɓe yana ruwa. Tsumman gugar ya faɗi daga hannunta. Ta ƙwala wa 'yar kira.

"Ke, wannan fa? Ƙuna ce!"

"Haba Iya, ciwon ne ke fita. Ke da ba ki yi boko ba, me kika sani?"

"Na san ƙuna dai. Ubanki ne fa."

"To ai ga shi, a tambaye shi. In ya ce a bari, wallahi na bari."

Tsohon ya kafe matarsa da ido. Allah ya sa ita ta yi tambayar, ya roƙa a ransa, ta ce "a daina ko?", kalmarsa ta yi masa rana sau ɗaya. Iya ta buɗe baki. 'Yar ta riga ta, ta durƙusa da ladabi.

"Baba, a ci gaba da shafa maka ko?"

Ya tattaro duk ƙarfin da ya rage masa, ya nemo a'a, ya turo ta har bakin leɓe.

"Madalla," ya ce.

Iya ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ja zanen a hankali ta rufe ƙafar, don kada ƙuda ya sauka.