Kunama ta Goma Sha Huɗu

"Ofelia, ki bar surutu ki ɗora tukunyar nan a baya," in ji Don Cipriano, yana dafe da ƙofar motata don kada ya faɗi.

Na ɗora tukunyar iskar da yake shaƙa, na zaunar da shi, na ja masa bel. A cinyarsa akwai wani abu naɗe cikin tawul, ba sai an gaya mini zarton yankan ƙarfe ne ba. Na tuna masa likita ya ce ko bakin titi kada ya leƙa, ga shi za mu yi tafiyar awa guda zuwa Riverside. Ya ce likita sati uku ya ba shi, bai ce a gado zai cinye su ba. Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninmu a Whittier, ban taɓa cin tsohon nan a gardama ba, ni da na ƙare aikina ina tuƙa bas ina yi wa ƙarti tsawa.

Mai walda ne. A 1978, lokacin da samarin unguwa suka haukace da tseren ƙananan kekunan BMX a kan tudun ƙasa, ya ƙera firam, wato gangar jikin keke, guda goma sha huɗu a garejinsa. Maimakon bututu ɗaya mai kauri, siririn bututu biyu ya jera daga wuya, suka lanƙwasa sama ta bayan sirdi. Shi ya sa aka laƙaba musu Kunama. Ba su da nauyi ko kaɗan, amma bai sa ƙarfen tokare a wuya ba. Shekara na zagayowa ɗaya ta ɓalle a ƙarƙashin Nacho, ƙanin matarsa, ya yi tsalle da ita yana sama. Nacho bai sake takawa ba har ya bar duniya. Tun daga nan Don Cipriano yake farautar sauran. Da wadda ta karye, sha uku ya yanka da hannunsa. Ta ƙarshen ce ta ɓullo a hannun wani likitan haƙori mai ritaya, Wendell Pruitt, wanda ya shelanta zai hau ta a tseren tsofaffin 'yan wasa ranar Lahadi.

Wendell ya tarbe mu kamar zai goya tsohon. Ya zuba mana kofi, ya kai mu wani ɗaki da ya fi falona girma. Kaya ne har rufi, wilin keke na roba mai ƙafa biyar, feda da ba a taɓa ɓare ledarsu ba, wani birki da ya ce uku suka rage a duniya. Ƙaton mutum da furfura yana shafa noti kamar kan jariri. A tsakiya Kunama take, ruwan ɗorawa, da Valdovinos, sunan gidan su Don Cipriano, a jikinta da rubutun hannu. Wendell ya yi ta alfahari cewa fentin na asali ne, ko sabulu bai taɓa sa mata ba. A wajen masu tara irin kayan nan, sake fenti ko gyara ƙarfe daidai yake da kashe keken.

Don Cipriano ya fara da lalama. Ya ce a ba shi ita ya liƙa mata ƙarfen tokare. Wendell ya yi tsuru-tsuru, ya ce wuta za ta ƙone fentin. Da ya ji labarin Nacho sai ya sassauto, ya yi alkawarin ba zai hau ba, zai rataye ta a bango.

"Shekarunka nawa, ɗana?"

"Sittin da biyu."

"To, ran da aka fita da kai, wa zai gaya wa wanda ya sauko da ita? Bangon?"

Wendell ya ce shekara arba'in da wani abu ba ta yi komai ba, wataƙila wannan lafiyarta lau. Tsohon bai ja ba. Ya zaro 'yar kwalbar kananzir da guntun alli daga aljihu, ya ce ba zai kankare ko ƙwayar fenti ba. Ya ɗiga kananzir a ƙasan wuyan, ya jira, ya goge tas da tawul, sannan ya murje allin ya barbaɗa. Muka zuba ido mu uku, ba abin da ake ji sai hucin tukunyarsa. Can sai ga wani jiƙaƙƙen layi kamar silin gashi yana fitowa cikin farin allin, ya zagaye rabin bututun.

Wendell ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe, shi da kansa ya kwance tayoyin, ya kai firam ɗin gareji ya ɗaure a bakin ƙarfen matse kaya. Idonsa ya yi ja.

A nan ne ni kuma raina ya ɓaci. Mutumin nan ba ɗa ba jika, matarsa ta rasu, wannan ƙarfen kaɗai ya rage da sunansa a duniya. Na ce masa ko sunan ya bari.

"Ba sunan zan yanka ba, maƙwabciya," ya ce. "Riƙe min tiyon iskar nan kada ya shiga zarto."

Ja biyar sai ya tsaya ya nemi numfashi. Wendell ya miƙo hannu, ya harare shi. Na miƙo nawa, ya ce in na ƙara zai gaya wa 'yan coci tamale ɗina, alalen masarar da nake kai musu, na kanti ne. Leɓensa ya koma shuɗi, gumi ya jiƙa masa riga, ni ina tsaye da tiyo a hannu ina zaginsa a zuci ina kuka a fili. Ya fi minti arba'in a kan bututun da yake gamawa kafin kofi ya huce a da. Da wuyan ya faɗo kan siminti ya yi ƙara, sai ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya ce yunwa yake ji.

A hanya na saya masa menudo, romon tumbi. Ya sha cokali huɗu, ya yi barci har gida da baki a buɗe. Ranar Alhamis da hantsi na kai masa burodi na tarar da shi a kujerarsa ta baranda, tukunyar tana ta huci ita kaɗai.

Wendell ya zo jana'iza da kwat ɗin da ta yi masa kaɗan. Ya ce ya yi tseren da wani keken, shi ya zo na ƙarshe. Na ce ai ya zo.

Bayan sati na fito zan wanke mota. Na buɗe ƙofar gefen da ya zauna, rana ta faɗo a kan kujerar, sai ga garin ƙarfen da ya zubo daga wandonsa yana ƙyalli a cikin ɗinkin. Na tsaya da tsumma a hannu. Daga baya na mayar da ƙofar a hankali, na wanke gilashi kawai.